Rumfar Mamaci a Kasuwar Waya

A shekarar da annoba ta sa aka rufe makarantu aka tsare hanyoyi, samarinmu duk suka dawo gida Goronyo suka zauna. An riga an kwashe albasa, zafi ya sauko, ba aiki sai ban ruwan shinkafar rani safe da yamma. Cikin waɗanda suka dawo akwai ɗan ƙanwata da ke karatu a Sakkwato. Ya zo da wani wasa a waya, wanda mutum ke haƙar ƙasa a ciki, ya sare itace, ya kama kifi, ya yi gini da tubali. Gari guda ne ake shiga, na Wurno da na Rabah da namu duk su haɗu a ciki kowa daga inda yake zaune. Mabuɗin garin na hannun ɗan ƙanwata, shi kaɗai ke iya taɓa ginin wani, don haka suke ce masa Sarkin Kasuwa.

Zaurena ke da wutar sola, nan suke taruwa bayan la'asar. Ni karatun allo da ajami na yi, bokon da ke kan wayar sai an karanta mini, amma ido na gani. Kowa ya kafa rumfarsa inda ya ga dama, mai sayar da ƙarfe a bayan tsauni, mai kifi a cikin rami, mai saye ya yi ta yawo bai sami kowa ba. Wata rana ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ƙaƙa kasuwar zamanin da take?" Na share ƙasa da tafin hannu, na zana masa kasuwar Rimawa yadda na san ta lokacin da nake bin mahaifina. Kowace sana'a da layinta, maƙera can gefe, masu kifi ta wajen ruwa, hanya mai faɗi ta ratsa tsakiya. Suka tashi suka yi haka. Suka kafa fitilu, kowace rumfa da allon suna. Kasuwa ta cika, har ni nakan leƙa in tambayi kuɗin gatari su yi ta dariya.

Rumfa ɗaya ce ta ƙi shiga layi. Ta wasu 'yan'uwa biyu ce, 'ya'yan wani masunci na bakin gulbi. Ƙaramin ne ya gina ta da siffar jirgin ruwa, karkatacce, hancinsa ya shigo hanya. Kullum ana tsokanarsa.

"Kai ɗan Sarkin Ruwa, jirginka ya hau tudu!"

"Ku bar shi nan," in ji shi. "Ranar da dam ya cika, ku manoma ni za ku roƙa."

Kafin damina ta kama, iska ta kifar da jirginsu na gaske a tafkin dam. Babban ya fita, ƙaramin sai gawarsa aka samu. Allah ya jiƙansa. Mun yi masa salla, ɗan ƙanwata na sahun da nake.

A kasuwanninmu, in mai rumfa ya rasu ba a taɓa rumfarsa. Maƙwabta su share gabanta, su bar ta har danginsa su zo da kansu. Kowa ya san wannan, har ɗan ƙanwata. Amma ya riga ya kafa doka cewa rumfar da ta daɗe a rufe za a kawar da ita, 'yan Wurno kuma suka dame shi da cewa jirgin ya tare hanya. A ganinsa wasa ne. Ya danna, jirgin ya tafi. Ban ji labari ba sai bayan an yi.

Da aka share makoki, yayan mamacin ya zo zaure ya gaishe ni, ya sa wayarsa a caji ya kunna, ya shiga kasuwar. Na ga babban yatsansa yana tafiya, sai ya tsaya. Ya koma baya, ya sake zuwa. Hanya ce fetal.

"Ina jirgin?"

"Doka ce," in ji ɗan ƙanwata, bai ko ɗago ba. "Sai in ba ka wuri cikin layin kifi, ka gina wani."

"In gina wani. Da hannun wa?"

Ya fita bai ɗauki wayar ba. Na ɗauka kuka ya tafi yi. Sai ga shi da gorar tuƙa jirgi. Bugun farko ya sami ɗan ƙanwata a baki, na ji ƙarar haƙori kamar an taka kasko. Na biyu ya tare da hannu, hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Jini ya fantsama har kan allunan da ke jingine da bango. Abokan ɗan ƙanwata suka yi kan matashin masuncin, wani ya kwaɗa masa batirin sola a kafaɗa, wani ya shaƙe shi, yana cizo yana harbi yana kiran sunan ƙanensa. Kafin in miƙe, samarin bakin gulbi sun iso da sanduna, namu suka zaro fartanya da lauje. Faɗa ya fita titi. Na ga an fasa wa wani goshi da bulo, na ga an ja wani a ƙasa ta ƙafa ɗaya. Na shiga tsakani ina salati, sanda ta same ni a ƙeya, na durƙusa. Ganin rawanina a cikin kwata da jini a wuyana shi ya tsayar da su.

Mai ɗori ya ɗaure hannun, haƙora biyu kuwa sun tafi. Aka daina shiga garin na waya. Masunta suka daina kawo mana kifi unguwa, namu suka daina bin hanyar gulbi sai da wuƙa a ƙugu. Na san in aka bar abin haka, gawa za a sake ɗauka.

Da hannun ya warke, na aika wa uban masuncin. Ya zo da ɗansa da hantsi, na zaunar da su gaban ɗan ƙanwata, samari sun cika ƙofa. Na ce kowannensu yana bin ɗan'uwansa bashi, kuma addini ya ba wanda aka cuta zaɓi, ya rama daidai ko ya yafe. Babu wanda ya ce ya yafe.

Masuncin ya miƙe, ya harɗe hannuwansa a baya. "Ga bakin. Rama."

Ɗan ƙanwata ya dube ni. Ya dunƙule hannun hagu, wanda bai karye ba, ya kai masa naushi guda da duk ƙarfinsa. Leɓe ya tsage, masuncin ya yi taga-taga ya daki bango, ya tofar da jini da guntun haƙori. Ubansa bai motsa ba.

"Saura tawa ramuwar," in ji masuncin, yana share baki da hannun riga.

Ɗan ƙanwata ya kunna waya, ya buɗe masa ikon mabuɗi, ya miƙa. Rumfar ɗan ƙanwata ce mafi girma a kasuwar, bene a bakin ƙofa, tun farkon wasan yake gininta. Danna ɗaya ta isa a shafe ta, amma masuncin ya ƙi. Ya fara daga rufi yana fasa tubali ɗaya bayan ɗaya, jini na ɗiga kan gilashin yana gogewa da yatsa. Mai rumfar na zaune yana kallo. Har aka kira azahar bai gama ba. Muka yi salla muka dawo, ya ci gaba, sai da ya tone harsashi.

Daga nan, cikin wasan, ya taka zuwa inda jirgin yake a da, ya kewaye wurin da shinge, hanya ta karkace ta bi gefe. Ya mayar da wayar.

Na ce, "To, saura mi?"

"Ba saura, Baba," in ji masuncin.

Na juya wajen ɗan ƙanwata. Ya daɗe yana kallon shingen da ya ɓata masa hanya, sannan ya ce, "Ba saura, Kawu."