Makarantar Dona Zina a Tsohon Kamfanin Kifi

Ranar da Zinaida Postolache ta fara shigowa shagona, cikin sanyin shekarar 2001, ba abin da ta iya faɗa da harshenmu sai "na gode" da "gobe". Ta nuna burodi da yatsa, ta nuna gahawa, ta je teburin ƙurya ta zauna. Ni ce Natercia, shekarata talatin da wani abu ina sayar da gahawa a bakin kasuwar kifi ta garin Setubal, kudu da Lisbon, kuma a lokacin baƙi irinta sun cika gari, saboda haka ban ko ƙara kallonta ba.

Daga Moldova suka zo ita da mijinta Anatol. Shi ya kama aikin gini, ita ta kama wanke ɗakunan otal. Sai daga baya na ji cewa shekara goma sha huɗu ta yi tana koyar da lissafi a garinsu, har albashi ya daina zuwa, suka rufe gida suka hau mota. Niyyarsu su yi shekara biyar, su tara abin da za su tara, su koma.

A shekara ta biyu aka haɗa ta da aikin jinyar Sinyor Abilio, tsohon da ke da kamfanin sa kifi a gwangwani da ke kallon shagona. Kamfanin ya daɗe da mutuwa, shi kuma tsohon ƙafa ta hana shi fita, sai baki. Mata huɗu ya kora kafin ita. Zinaida, wadda muke kira Zina, ita kaɗai ta zauna, don in ya yi mata faɗa ba ta jin rabin abin da yake cewa, rabin da ta ji kuma ta mayar masa. A bakinsa ta koyi harshenmu, shi ya sa har yau in ranta ya ɓaci sai ka ji tana magana kamar tsohon matuƙin jirgin ruwa.

Da asuba kafin ta tafi wurinsa takan biyo ta shagona. A lokacin matan kasuwa kan ajiye mini 'ya'yansu tun ƙarfe shida, don kifi ba ya jira, makarantar gwamnati kuwa sai tara. Da yamma ma haka, an tashi yara iyaye ba su dawo ba. Wata rana ta leƙa littafin wata yarinya, ta ga an yi kwaɓa a lissafin rabawa, ta ja kujera. Bayan wata uku teburana biyu na baya sun zama aji, yara goma sha biyar, masu shan gahawa suna tsaye.

Na ce mata, "Maƙwabciya, shago na buɗe ko makaranta? In koyarwa kike so, ki je ki buɗe taki mana, ki bar mini kujeruna."

Da wasa na faɗa. Ita kuwa sai ta ajiye fensir ta ce, "Baƙo yana iya buɗewa a ƙasar nan?"

"Ina na sani? Je ki tambaya."

Ta je ta tambaya. Aka ce doka ba ta hana ba, amma sai an amince da takardun karatunta, sai ta ci jarrabawar harshe, sai gini mai kyau, sai shugaban makaranta mai takardar ƙasar nan. Ta dawo da jerin sharuɗɗan shafi shida, ta manna su a jikin firij ɗin Sinyor Abilio. Takardun kaɗai sun ci shekara huɗu, ana aikawa Moldova ana dawowa, yau hatimi bai fito ba, gobe fassara ta tsufa. Jarrabawar harshe ta faɗi a karo na farko. Ta zo shagona ta sha gahawa biyu, washegari ta sake yin rajista.

Rigimar da ta fi wuya a gida aka yi ta. Mahaifinta ya rasu ya bar mata gonar inabi, kuma a kan gonar nan Anatol ya ɗora duk burinsa na komawa. A gabana suka yi maganar, da harshenmu, wai don in raba su.

Anatol ya ce, "Dona Natercia, ki gaya wa matar nan. Gonar ubanta za ta sayar ta zuba a ƙasar mutane. In abin ya rushe, ina za mu koma?"

Zina ta ce, "Mu koma mu yi me? Yaran da na koyar a can duk sun watse, rabi suna Italiya, rabi suna nan. Inabi zan koya wa lissafi?"

Ya kalle ni, na ce ni dai gahawa nake sayarwa. Sati biyu ba sa magana. Ran da ya sauko, bai ce ya yarda ba, sai ganinsa aka yi da ma'auni yana auna bangon tsohon kamfanin.

Ginin kuwa Sinyor Abilio ne ya ba ta haya na shekara ashirin, a kan kuɗin da ɗansa ya ce ko garejin mota ba a bayarwa haka. Tsohon ya ce, "Ginina ne ko naka? Ɓeraye sun shekara goma sha biyar a ciki ba su biya ko sisi ba, ba ka yi magana ba." Shugaban makaranta kuma ta samo Sinyor Firmino, wani malami da ya yi ritaya yana kashe lokaci da kamun kifi. Sau uku yana ƙi. A na huɗu ta bi shi har bakin ruwa ta zauna kusa da shi tana magana, har ya ce ya yarda, ta tashi ta daina kore masa kifi.

Shekara guda da rabi ana gyara. Kowace Lahadi Anatol ya kwaso abokan aikinsa, mutanen Moldova da na Ukraine da 'yan tsibiran Afirka, su yi ta fasa bango. Zina ta tuƙa musu tuwon masara irin na garinsu da cuku, ni in gasa kifin sadin. Abin da ya fi ba su wahala warin kifi ne, don shekara sittin yana shiga bangon. Sai da suka kankare filasta har bulo ya fito, suka sake shafewa.

Mai duba gine-ginen makarantu ta zo, wata mace mai tabarau da ba ta dariya. Ta zaga, ta auna, ta ce tagogi sun yi ƙanana, matakala ta yi ƙunci. Gaskiyarta ce. Aka fasa aka gyara. Ta dawo bayan wata biyar ta ce yanzu ciki ya yi, amma filin wasa bai kai ba, saura taku kaɗan. A nan ne na ga Zina ta karaya. Kuɗin gona ya ƙare, bayan ginin kuwa ba fili sai lambun Sinyor Abilio, inda matarsa marigayiya ta shuka itatuwan lemo, wurin da ko ɗansa ba ya taɓawa. Ba ta roƙe shi ba. Da ta kai masa abinci ne ya ga fuskarta, ya tambaya, ta faɗa.

Ya ce, "Taku nawa?"

"Tara."

"A rushe katangar lambun. Amma duk yaron da ya karya mini reshe, da sandar nan zan bi shi."

Karo na uku matar ta auna filin sau biyu, ta rubuta, ta cire tabarau ta ce, "Dona Zinaida, na duba makarantu da yawa, ban taɓa ganin mai lemo a filin wasa ba. Allah ya sa albarka." Takardar izini ta iso cikin watan Yuli na 2009. Zina ta kawo ta shagona a cikin jakar leda, ta karanta mini ita daga farko har sa hannu, har da lambar waya ta ƙasa.

Da yara goma sha bakwai aka buɗe, 'yan aji ɗaya zuwa huɗu. Ƙofa tana buɗewa shida na safe, ba a rufewa sai takwas na dare, da karin kumallo da miyar kabeji da rana. Kuɗin makaranta bai kai rabin na makarantun masu hali ba. Mutanen gari kuwa suka samu abin taunawa. A shagona nake jin su: makarantar 'yar wanke-wanke, wai za ta koya wa yara goge tayil. Wata ta ce ita ba za ta kai ɗanta ya dawo yana magana kamar ɗan Rasha ba. Na ce mata, "Naki da ke magana kamar ɗan ƙasar nan, sau nawa ya maimaita aji uku?" Ba ta ƙara sayen burodina ba har Kirsimeti.

A shekara ta uku yara sun kai sittin, sai tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe. Gine-gine suka tsaya, baƙi suka fara kwashe iyalansu zuwa Faransa da Jamus, a zango ɗaya yara ashirin suka tafi. Waɗanda suka rage da yawansu ba sa iya biya. Zina ta tara iyaye ta ce ba za ta kori yaro ko ɗaya ba, kowa ya kawo abin da yake da shi. Masunta suka riƙa kawo kifi, wani ya ɗauki gyaran famfo, wata ta ɗauki wanki. Sinyor Firmino ya daina karɓar albashi, ya ce fanshonsa ya ishe shi, sai dai a rage masa kifi, don ya ci sadin har ya fara jin ƙaya a mafarki. Anatol, wanda ya fi kowa ƙin abin nan da farko, shi ya ɗauki jaka ya tafi Faransa aikin gini, shekara biyu yana aiko da albashin malamai. A cikin shekarun nan Sinyor Abilio ya rasu. Yaran makarantar ne suka yi wa gawarsa rakiya, kowa da reshen lemo a hannu, Zina da kanta ta yanko musu.

Sauƙin ya zo ne ta hanyar da ta fi ƙwarewa. 'Yan aji huɗu suka zauna jarrabawar lissafi tare da sauran makarantu, sakamako ya fito a jarida, sai ga makarantar kamfanin kifi a saman duk makarantun yankinmu. Yara goma sha ɗaya ne suka zauna, 'ya'yan masunta da magina da masu shara, ba wanda ya faɗi. Ni na fara gani, don ni ake fara kawo wa jarida. Na tsallaka titi da ƙyallen aikina ɗaure a ƙugu, na same ta tana yanka burodi. Ta karanta, ta sa yatsa tana bin layin don kada ido ya yaudare ta, sannan ta zauna a kan buhun dankali ta rufe fuska. Da ta ɗago sai ta ce, "Kira mini Anatol. Ki ce masa ya dawo gida."

Litinin ɗin da ta biyo baya layi ya kai har ƙofar shagona, da motocin da ba mu saba gani a unguwar ba. Matar wani babban likita ta wuce layi ta shiga ofis, ta ce a shirye take ta biya ninki biyu.

Zina ta ce, "Ranki ya daɗe, gurbi ashirin gare ni, kuma 'ya'yan masu fita aiki da asuba nake fara ɗauka. In ya rage, sai na bi layi."

"Kin san ko ni wace ce?"

"Na sani. Ke ce ta talatin da huɗu."

Matar ta fita a fusace, amma ba ta janye sunan ɗanta ba. Shekara guda ta jira, kuma da ya shiga ta zama cikin masu kare makarantar a ko'ina.

Yau yara ɗari biyu da arba'in ne, har aji tara, malamai goma sha takwas. Zina ta karɓi shugabanci da takardarta bayan Sinyor Firmino ya koma bakin ruwa, ta kuma zama 'yar ƙasa. Shekararta sittin da uku, amma ba ta yarda ta saki lissafin aji huɗu ba, ta ce a nan ake gyara yaro ko a ɓata shi.

Bara wani mutum ya zo daga Lisbon, wakilin wani kamfani mai makarantu da yawa, da kwat da jaka. A shagona suka zauna don ofishinta ana fenti. Ya yabi makarantar, ya faɗi abin da za su ba ta in ta sayar, ya ce ta isa hutu. Ta bar shi ya gama, ta tambaye shi ko ƙarfe nawa makarantunsu ke buɗewa. Ya ce takwas da rabi. Ta ce to ba su daidaita ba. Sai ta shiga yi masa tambayoyi, yara nawa a aji, me suke ci, da me ake ɗauko su. Ya ce ai bana ma sun sauya motocin ɗaukar yara, tsofaffin suna ajiye.

"Tsofaffin lafiyarsu ƙalau?"

"Ƙalau, Dona Zinaida, sai dai fenti."

"Mijina mai fenti ne."

Mutumin da ya zo sayen makaranta, sai ga shi ya tashi ya sayar mata da bas mai kujera talatin, shi ya ma biya kuɗin gahawar. Anatol ya fente ta shuɗiya, ya je ya yi lasisin tuƙa babbar mota yana da shekara sittin da biyar. Yanzu kullum shida saura kwata yana zaga unguwannin bayan tashar jirgin ƙasa, inda da yaransu ba sa iya zuwa, ya dawo da ita cike. In ya iso gaban shagona yakan danna oda sau biyu, ni kuma in miƙa masa gahawarsa ta taga.