Facin Lado a Gaban Alkali

Lado mai faci ya shekara ashirin da biyu a bakin tasha a Gummi, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ta fi shi tsufa. Ban taɓa jin wanda ya yabi aikinsa ba sai shi kansa. Ƙarya kuwa, ko sannu ya ce maka sai ka bincika. Duk da haka muna kai masa babura, don yana da araha, ga hira.

Bara 'yan bindiga suka ƙwace babur ɗin Halilu, wani ɗan kabu-kabu daga Adabka mai 'ya'ya shida, wanda ba shi da wata hanyar cin abinci. Bayan wata huɗu ya hango abinsa a hannun wani Saminu, an kankare lambobi, an sake fenti. Saminu ya rantse shekara uku yana hawansa. Takardun Halilu kuwa sun ƙone tare da ɗakinsa ranar harin. Da aka je kotu, alkali ya ce maganar mutum ɗaya ba ta isa, sai an kawo abin da zai ƙarfafa ta.

Halilu ya rasa kowa sai Lado. Da aka kira sunansa, har masinjan kotu sai da ya kau da kai yana dariya. Alkali, wanda shi ma ya san hali, ya tambaye shi me zai sa a gaskata shi.



"Allah shi gafarta Malam, a buɗe tayar baya," in ji Lado. "Halilu ya biya ni sabon tif, ni ko nis sa mishi tsoho. Faci tara garai, guda da jar roba."

Aka tambayi Saminu, ya ce tif ɗinsa sabo ne fil, shi ya saya. Aka ɓalle taya a harabar kotu, alkali ya tsuguna ya ƙirga da kansa. Tara, ɗaya ja.

Halilu ya karɓi babur ɗinsa. Ya rungume Lado yana hawaye, sannan ya ce a ba shi sabon tif ɗinsa.

Kafin la'asar labari ya karaɗe tasha. Kowa ya koma gida ya buɗe tayarsa, kuma abin da aka gani ba daɗin faɗa. Rabin masu zuwa rumfar suka watse. Wallahi Lado ya ba ni tausayi, don ya san haka za ta faru kafin ya buɗe baki. Ni har yau ina kai masa nawa, amma a kansa nake tsayawa har ya gama.