Alhaji Ɗahiru Barau, direban da bai yi kewar tsohuwar mota ba

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, 9 ga watan Yulin 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, Alhaji Ɗahiru Barau Gwaram, a asibiti a Birnin Kudu, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Mun dawo da shi Gwaram, aka yi masa sutura bayan sallar La'asar.

Yaya, tun da aka share makoki na kasa zama wuri guda. In na shimfiɗa tabarma a zaure sai in tashi, in na fita bakin titi sai in rasa abin da ya fito da ni. Matarka, Hajiya Rahmatu, ta dube ni ta ce rashin zamanka ne ka bar mini gado. Wataƙila gaskiyarta ce, domin ban san ranar da na gan ka ka zauna har shayinka ya huce ba.

Mahaifinmu, Malam Barau, manomi ne, kuma manomi ya so ka zama. Kai kuwa tasha zuciyarka take. Ka fara da aikin yaron mota a manyan motocin da ake tayarwa da ƙarfe ta gaba, a yi ta juyawa har inji ya kama. Wata rana ƙarfen ya dawo ya karya maka hannu, ƙashin bai koma daidai ba har ka koma ga Allah. Ka bi mota a guje da katako a kafaɗa don ka tare taya a kan hawa. Ka zuƙi fetur da bakinka ka tofa a kafireto don inji ya tashi. Ka yi tuƙi cikin ruwan sama, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waje yana share gilashi da tsumma. Da haka ka zama direban da kowa ya sani tsakanin Basirka da Gwaram da Birnin Kudu.

Shi ya sa mutane suke mamakinka a majalisarmu ta ƙofar gida. Duk dattijon da ke wurin yabon motocin dā yake yi, ni ne kuma kan gaba, ni da aikina koyarwa ne, ban taɓa kwana a daji da mota ba. Muna cewa na dā ƙarfe ne na gaske, ko a dokar daji ta tsaya da filaya da guntun waya za a tashe ta, na yanzu kuwa roba ce da kwamfuta. Sai ka naɗe hannun riga ka nuna mana karayar nan, ka ce, "Ku kuna zaune a ciki ne, ni kuwa ina ƙarƙashinta. Ban ga abin kewa ba." Da ka daina haya, ka ba ni tsohuwar motarka ƙirar wagon, kana dariya, kana cewa tunda ina son wahala ga ta nan har gida.

Na daɗe ina ɗauka son gardama ne kawai. Sai wata rana muna hanyar gona ka gaya mini dalili. Ka ce a wata bazara, kana saurayi, an tare ka a Zandam da wata mata mai naƙuda da ta galabaita. Kun ɗauki hanyar Birnin Kudu, rana tsaka inji ya ɗauki zafi, lagireto ya tafasa. Babu abin yi sai jira ya huce, ga ruwan da za a zuba ma sai da aka je nema. A nan gefen hanya, a kujerar bayanka, ta cika. Ka ce har yanzu kana jin muryar mijinta yana tambayarka ko injin ya huce. Daga ranar ba ka sake ganin sabon abu a jikin mota ka raina shi ba, kuma ba a sake buga maka ƙofa don marar lafiya ka ce a jira ba.

Jarrabawarka ta zo da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Allah Ya ba ka sauƙi, magana ta dawo, hannu ya dawo, amma ƙafar hagu ta ƙi ƙarfi, kuma da ita ake taka kuloci. Wannan zaman gida shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a kanka. Ka daina gardama. Abinci ma sai an yi da gaske. Na sha samunka da rana a cikin wagon ɗina, ita tana tsaye a inuwar darbejiya, kai kana ƙoƙarin danna kuloci, ƙafar tana rawa tana zamewa. In ka gan ni sai ka ce kana duba mini birki ne. Ni kuma in ce na gode.

Ɗanka Izzuddeen ne ya kawo maka mota mai canza giya da kanta, wadda ba ta da kuloci sam. Gida ya rabu biyu. Hajiya Rahmatu da 'yarka Zubaida suka ce ba za a miƙa wa mai jinya sitiyari ba, ni ma ina bayansu. Ba ka yi fushi ba, ka ce a tafi wurin likita, abin da ya yanke kowa ya bi. Likita ya gwada idonka da hannunka da ƙafar dama, ya yarda, da sharaɗin rana kawai, ban da doguwar tafiya.

Ba zan manta ranar farko ba. Ka danna maɓalli, inji ya tashi ba a ji ƙararsa ba. Ka sa ribas, hoton bayan mota ya fito a ɗan allon da ke gabanka. Ka kira ni, ka ce, "Yunusa, zo ka ga akuyar maƙwabta tana bayana, ban ko juya wuya ba." Fuskarka ranar kamar ta wanda aka sako daga ɗauri.

Ba ka ɓoye aibinta ba. Ka ce ta fi kowa mita a gidan, in ba ka ɗaura bel ba ba za ta yi shiru ba. Ka ce abin da ke ci maka rai shi ne in fitila ta kama a gabanka, kai da ka kwance inji ka ɗaura, dole ka kai ta Birnin Kudu a jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta. Amma ko a can ba ka zama a benci. Kana tsaye kan mai gyara, kana tambaya, kana sake tambaya, har ya gaji ya nuna maka. Daga nan kuma ka koma abin da ka saba. Ranar ganin likitan masu hawan jini da ciwon suga, motarka cike take da tsofaffi, ka ɗaga gilashi ka kunna musu sanyi.

Ranar Talata da safe, kwana ɗaya kafin rasuwarka, ciwon ya dawo. An kwana ana ruwa, Izzuddeen yana Dutse wurin aiki. Muka ɗauko ka zuwa motarka, na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa, shiru. Batir ya mutu. Maƙwabta suka fara tattare riga za su tura, kai kana kwance a hannunmu ka ɗaga yatsa, da harshe mai nauyi ka ce, "Ba a tura ta, irin wannan ba ta tashi da turi." Muka juya kan wagon ɗina, wadda ita kullum sai da turi. Suka tura ta cikin taɓo, na sa giya ta biyu, na saki kuloci, ta yi tari ta kama.

Hanyar nan ta yi mini tsawo fiye da kullum. Gilashi ya yi hazo ina sharewa da hulata, Hajiya tana baya ta tallafe kanka tana salati, idona rabi a titi rabi a allurar zafin inji. Don in ji muryarka na ce, "Yaya, yau dai ka ga amfanin tsohuwa." Sai ka ce, "Batir ne kawai, Yunusa. Sa giya ta huɗu, kana wahalar da inji." Ban sake jin maganarka ba.

Likita ya ce ko da mun iso da wuri, abin da zai faru ke nan. Na yarda, na kuma san ajali ba ya jiran mota, tsohuwa ko sabuwa. Amma da na rufe ido sai in ga ina kan hanyar, ina neman inda da na ƙara wuta.

Makon jiya wata tsohuwa, Inna Mero, ta sauka daga babur a ƙofar gidanka. Daga Fagam take, katin asibiti a hannunta, labari bai kai mata ba. Ta ce a gaya wa Alhaji ta iso. Da na faɗa mata, ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana yi maka addu'a. Da ta gama ta ce, "To, Malam, mu yanzu wa zai riƙa kai mu?" Ni na kai ta. A hanya ta lissafo mini wasu, a Zandam, a Basirka, a ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, waɗanda kake bi ka ɗauka, ko a gida ba ka taɓa ambaton sunansu ba. Na fara nemansu ɗaya bayan ɗaya. Ban san ko zan iya abin da ka iya ba, amma ba zan so wani ya sake zuwa ƙofar nan ya koma ba a kai shi ba.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗahiru ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Duk marar lafiyar da ya ɗauka, Ka sanya a mizaninsa. Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Rahmatu, da 'ya'yansa Izzuddeen da Zubaida da Ummu Salma, da jikoki, da direbobin tashar Gwaram da ta Birnin Kudu, da tsofaffin da ke jiransa a bakin hanya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sanya mana natsuwa a zukata, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Yaya, Allah Ya ba ka hutun da ba ka taɓa yarda ka yi ba a duniya. Amin.

Ƙaninka,
Yunusa Barau, Gwaram