Kujerar Inna Kulu a Jirgin Baffa Jabbi

Duk wanda ya taɓa jerawa da Baffa Jabbi a kasuwar Jega ya san tafiyar minti goma sai ta cinye awa guda. Ba gaisuwa ke tsayar da shi ba, ƙasa yake kallo. Ya ga tsohon noti, ya duƙa. Ya ga guntun roba, ya duƙa. Sai ya ɗaga abin sama, ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa na azurfa, ya jefa a aljihu ya ce, "Jirgi na so." Matarsa Inna Kulu ba ta wanke rigarsa sai ta zazzage ta kaf, tun ranar da ƙusa ta huda mata yatsa.

Baffa wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ni na jawo wa garinmu wannan jirgi. Ina tuƙa motar albasa daga Aliero zuwa kudu, wata dawowa sai na hango shi jingine a wurin 'yan gwangwan. Ɗan kwalekwale ne na alminiyam, ƙarfen da ake tukwane da shi, gindinsa shafal, mutum biyu suna ɗaga shi ba nishi. Na tuna Baffa da tsohon jirginsa na itace, wanda rabin yini ke tafiya wajen kwarfe masa ruwa. Na ɗaure shi bisa mota na kawo.

Ranar da na sauke shi a ƙofar gida, rabin gari ya fito kallo. Sarkin ruwa ya zagaya shi sau biyu, ya taɓa da ƙafa.

"Jabbi, wanga na shanyar tattasai na, ko na suyar gyaɗa?"

Baffa ko kallonsa bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa jirgin da zobe, ya kasa kunne, sannan ya juya wajen Inna Kulu da ke leƙe ta zaure.

"Kulu, kamin in mutu sai kin shiga jirgin ga."

"Malam, ko gawata ba ta shiga wanga kwano."

Mutane suka fashe da dariya, amma manya sun san abin ba na dariya ba ne. Tun Inna tana budurwa jirgi ya kife da wanta Garba a hanyar dawowa daga kasuwa, ba a ga gawarsa ba sai bayan kwana uku. Daga ranar ko wanki ba ta yi a bakin gulbi. Ga shi Allah ya haɗa ta da masunci.

"Mi na aibinai?" in ji Baffa.

"Zahi garai. Babu inuwa. Kuma nutsewa shikai."

"Ukku ɗai?"

Ita dai ta koma ciki abinta, ba ta yi wa kowa alkawari ba. Amma Baffa ya ɗauka an ƙulla magana: in ya gyara uku, za ta shiga. Wata rana muna ɗinkin komar kamun kifi a inuwa na ce masa, "Baffa, ka ƙyale tsohuwar nan mana." Ya ajiye zaren. Ya ce shekara arba'in yana ba ta labarin gulbi da safe, yadda tsuntsaye ke sauka da yadda bado ke buɗewa, tana ji kamar tatsuniya. "So nikai ta gani da idonta, ko sau guda, ta san ruwa ba cin mutane ɗai shikai ba." Ban sake ce masa ya ƙyale ta ba.

A kan zafi dai Inna ta yi gaskiya. Fitarsa ta farko cikin bazara, ya bar jirgin a rana ya je duba tarkonsa, ya dawo ya zauna ɗaram. Waɗanda ke bakin ruwa sun ce ba su taɓa ganin dattijo ya yi tsalle irin na ranar ba. Ya iso gida yana tafiya ƙafa a buɗe, Inna ta ce, "Lahiya, Malam?" Ya ce, "Wando na ya matse ni." Kwana huɗu a tsaye yake cin tuwo.

Na tafi kudu na dawo, na tarar da ɗakina ba ƙyaure, an rataya mini tsohon buhu. Na bi sawu har bakin gulbi. Ga ƙyaurena nan an yanke shi daidai, an shimfiɗa a cikin jirgi, har da tabarma a kai.

"Baffa, ƙyaurena fa!"

"Mi kaka ɓoyo ciki, kai da ba ka da mata? Ran da kay yi aure na maishe ma."

Bayan shekara biyu na auri Saratu, na je karɓar ƙyaure. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Ɗana, ya saba da ruwa."

Sai kuma ya so a kafa masa ƙarafa a gefe, inda zai rataya ƙugiyoyi da inda zai jingina bindiga. Muka ɗauki jirgi har wurin wani mai walda a Jega. Mutumin kirki, ya gaya masa gaskiya, ya ce wannan ƙarfe ba ya ɗaukar irin wutarsu, narkewa zai yi. Baffa ya ce, "Ƙarhe ƙarhe na. Sa wuta." Aka sa wuta. Kafin ka ce kwabo ga huda a bayan jirgi, ƙwan kaza ya wuce. Mai walda ya dafe kai. Baffa ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya, ya leƙo shi ta hudar.

"Madalla! Da ma ina ta tunanin inda ruwa za shi hita in na wanke shi."

Ya sassaƙa toshi na itace, ya naɗe da robar taya. Har ya rasu yana gaya wa baƙi shi ya ƙirƙiro dabarar. Amma daga ranar ko ashana ba a kunnawa kusa da jirgin, komai da noti ake ɗaure shi.

Ta farauta kuwa, ai kun fi ni sani, don har Sarandosa da Andarai labarin ya kai. Jirgin yana ƙyalli, agwagin ruwa na hango shi tun daga nesa su tashi. Baffa ya shafe shi da laka, ya yanko ɗanyar ciyawar fadama ya lulluɓe shi ruf, ya tura cikin ruwa iya gwiwa, ya kwanta a ciki da bindigarsa adaka yana jiran tsuntsu. Hantsi ya yi, iska na kaɗawa, barci ya sace shi. Ashe wani Bafulatani ya koro shanu shan ruwa. Farkawar da Baffa zai yi, sai ga hancin saniya a fuskarsa, wasu biyar sun kewaye shi suna cin ciyawar da ya ɓuya a ciki, ɗaya har ta fara taunar hularsa. Mai shanun ya ce da ya ga ciyawa ta miƙe tana salati, sanda ya yar ya ruga.

Ya dawo ba agwagwa ba hula. Majalisa ta sa shi gaba. Ya jira suka gama, ya ce, "Ku ba ku gane ba. In saniya da ta girma cikin haki ta ruɗu, ina ga tsuntsu? Aiki ya yi kyau."

Maganar nutsewa ya ɗauke ta da zafi. Wata shida yana tara jarkokin manja da aka yar, ya wanke, ya toshe bakinsu da kwalta, ya cusa wasu ƙarƙashin benci, ya ɗaure wasu a gefe. Sannan ya aika a kira Inna, ta zo ta tsaya can nesa kan tudu. Ya cire toshin nan nasa, jirgi ya cika da ruwa, ya zauna a ciki ruwa iya cibiya yana shan fura a hankali. Jirgi bai nutse ba.

"Kulu, kin gani?"

"Na gani. Na ga kuma wa za ya wanke wandon."

Inuwa ce ta ƙarshe. Ya samo rumfar wani mataccen keke mai ƙafa uku ya kafa a tsakiya, ƙarƙashinta ya ɗaure kujerar bas mai majingini, ya ɗinke mata riga da atamfa. Wannan kujera ba wanda ya taɓa zama a kai. Mai gari da kansa ya nemi a ƙetarar da shi, ya nufi kujera da babbar rigarsa, Baffa ya tare shi da gorar tuƙi.

"Ranka shi daɗe, ga benci. Wagga da mai ita."

Shekara shida kujera na yawo a gulbi ba kowa. Buhun kifi ma a ƙasa yake ajiye shi. Duk Juma'a ya kakkaɓe ta, ya leƙa cikin gida ya ce, "Kulu, an gama ukku." Ita kuma ta ce, "Sannu da aiki."

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Saratu na da cikin fari, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wata 'yar tunga a ƙetaren fadama wajen Katanga. Gulbi ya yi ambaliya, ya shafe gonakin shinkafa, ya yanke hanya. Da safe, rana ta ɗan ɗaga, surukina ya kira ni a waya. Naƙuda tun jiya, abu ya ƙi, yarinya ta galabaita, kuma ba sunan da take kira sai Inna Kulu. Ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin garinmu.

Na ruga wajen masu manyan jirage. Sarkin ruwa ya ce sun gwada, ruwan fadama ba zurfi, ƙasansa duk kunyar gona ce da shinge, jirgin itace kafewa yake. Na dawo gida. Ban iya roƙon Inna ba, wallahi bakina ya ƙi. Na dai tsaya a tsakar gida na faɗi abin da aka ce. Ta dube ni. Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshinta, ta yafa mayafi.

A bakin ruwa ta tsaya. Baffa ya matso da jirginsa. Hularsa ya cire ya share kujerar, ya miƙa mata hannu. Ta tuɓe takalmi, ta runtse ido, ta yi bismillah ta shiga.

Jirgin nan da aka ce na shanyar tattasai ne ya bi ta kan gonaki sumul. Inda ya taɓa ƙasa, in diro in ja shi da hannu ɗaya. Baffa na tuƙi da gora, Inna ta ƙanƙame majingini tana salati. A tsakiyar fadama bado ya rufe ruwa fari fat, balbelu suka tashi gaba ɗaya a gabanmu. Baffa ya rage murya.

"Kulu, buɗe ido."

"Tuƙa, Malam! Ɗiyar mutane na can!"

Da muka isa tungar, Inna ta duba Saratu ta ce wannan haihuwa ba ta gida ba ce, sai asibiti. A kan ƙyaurena aka kwantar da matata, ƙarƙashin rumfar keke, kanta a cinyar Inna. Mu biyar a ciki da mahaifiyarta, jarkokin manja suka riƙe mu. Muka fita bakin titi, mota ta kai mu Jega. Kafin la'asar aka ce mini mace ce, uwa da ɗiya suna lafiya. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Baffa ya bari hankali ya kwanta, sannan ya matsa kusa da Inna a barandar asibiti, yana murza hula.

"To, ƙaƙa kinka ji jirgin?"

Ta gyara mayafi. "Kujera ta yi tauri."

Ku zo ku ga fara'a! Ka ce Makka aka biya masa. A hanyar gida ya ja ni gefe ya raɗa mini, "Ta buɗe ido wurin balbelu, na gani. Kak ka hwaɗa mata na sani." Na yi masa alkawari. Shekara uku da suka rage masa, kujera yake gyara. Ya sa audugar rimi, ta taɓa da hannu ta ce da saura. Ya ƙara soson katifa, ta ce da saura. Ya koma kasuwar Jega yana duƙe-duƙensa, jirgi na so.

Bara bayan girbi ya kwanta ciwon kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Muka ɗauko jirgin muka ajiye a tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya. Bayan Inna ta fita takaba na shigo wata la'asar na same ta zaune a kujerar, tana tsintar shinkafa, 'yata Hauwa'u, takwararta, na wasa da toshin itacen nan a ƙafarta.

Na ce, "Inna, har yanzu da taurin?"

Ta ɗago kai.

"Ba ta taɓa tauri ba, ɗana. Da nic ce mai ta yi, mi za shi tsinta kasuwa?" Ta share ido da gefen zane. "Kuma rannan na buɗe ido. Duk abin da yac ce gaskiya na. Ban dai hwaɗa mai ba."

Na tuna alkawarin da na yi masa. Sai na ga wanda na yi wa ba zai yi fushi ba.

Na ce, "Inna, ya sani."

Allah ya jiƙan Baffa Jabbi. Yadda ya shimfiɗa wa matata wuri a kan ruwa, ya yi mata inuwa, Allah ka shimfiɗa masa kabarinsa, ka yi masa inuwa ranar da babu wata sai taka. Ka ajiye masa wurin zama mai laushi, da wani a gefensa. Amin.