Man Shanun Goggo a Sabon Ɗakina

Jiya da hantsi Goggo, wadda ta raine ni, ta dire ƙwaryar man shanu a tsakar sabon ɗakina. Ta ce, "In ya narke kafin la'asar, tare za mu koma Vimtim."

Tun da muka dawo daga gudun hijira muka tarar an ƙone gidanmu na Mubi nake wurinta a ƙauyen Vimtim. Ni bene nake mafarki, irin na littattafan da nake karantawa. Sai ga maigidana da abokan karatunsa, ɗaliban zanen gini, sun yi mini ɗaki na jar ƙasa, ba siminti. Rufin faffaɗa ne, a ɗage kamar ganyen kabewa, iska na ratsawa ta ƙarƙashi.

Ana kiran la'asar Goggo ta dangwala yatsa a ƙwaryar. Man yana nan daskare.

Ta harari maigidana. "Kai, firji ka binne a nan?"

Ya sunkuyar da kai. "A gonarki na gani, Goggo. Ƙarƙashin kabewa ba ya zafi."

"To, a shimfiɗa mini tabarma."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba! Yau a ɗakin mijina na tashi. Jama'a, ku ɗakunanku za su ci jarrabawar Goggo kuwa?