Ranar da Na Kira Sunansa

Da damina aka aiko wa maigidana cewa wata makarantar kurame da ke wajen Inkil tana so ya je ya zauna da su zango guda. Can zai riƙa kwana, ya koya wa yara zane, su ƙawata bangon ajujuwansu tare. Aikinsa ke nan tun kafin ya aure ni: rubuta allunan shaguna a Wunti, da zana ɗawisu da furanni a bayan keke napep. Ranar da ya zo da labarin, ko takalmi bai cire ba ya faɗo ɗaki.

"Yau dai an yarda ni mai zane ne, ba mai shafa fenti ba," in ji shi.

Sai gidanmu ya koma wajen shiri. Ya tara gwangwanayen madara na wanke masa, ya yayyanka kwalaye, ya daddaka bakin asuwaki don ya zama burushi, saboda yaran suna da yawa. Ranar Asabar kuma yakan je wurin wata malamar makarantar ta koya masa maganar hannu. In ya dawo sai ya tsaya gaban madubina yana maimaitawa. Surukata, wadda muke zaune gida ɗaya a unguwar Ɗan Iya, takan leƙo ta ce, "Kai kuma lafiya? Ƙuda kake kora ko aljanu?"

Ɗanmu a lokacin ya ɗan wuce shekara biyu. Shi ne na fari, kuma sunan surukina marigayi aka sa masa, don haka kunya biyu ta hau kaina. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". A gaban mutane ko wasa ba na yi da shi. Da bazara ya yi zazzaɓi mai zafi har muka kwanta asibiti, Allah ya tashe shi. Kafin ciwon yana cewa "Baba", yana cewa "uwa" in yana son ruwa. Bayan mun dawo sai maganar ta riƙa raguwa, har ta ɗauke.

Ni ce na fara lura cewa yana koyon maganar hannun nan fiye da ubansa. In uban ya yi alamar "zo", sai ya taho da gudu. Ni kuwa in na ce "kai, bar nan" daga bayansa, ko motsi. Uban yana ta murna.

"Kin ga almajirina na farko? Kansa ya fi nawa."

Na gaya wa surukata abin da ke damuna. Ta yi dariya ta ɗauke shi ta ɗora a cinya.

"Angona ne zai amsa 'kai'? Dattijo ne fa, sunan mai gidan nan gare shi. Ke dai kin cika tsoro, ko tari ya yi sai ki hana kanki abinci."

Gaskiya ta faɗa, ina da tsoro. Na so ƙwarai a ce wannan ma tsoron ne kawai.

Ana gab da tafiyarsa, wata la'asar hadari ya haɗo. Maigidana yana ɗaure kwalayensa a soro, surukata ta tafi barka. Yaron yana zaune a ɗaki ya ba ni baya, yana dangwala asuwaki cikin shuɗin fenti yana shafa wa kwali. Aka yi wata tsawa da ta sa na saki kwanon da ke hannuna. Kwanon ya yi ta ƙara a siminti. Shi kuwa yana ta shafe-shafensa.

Na tura ƙofa na rufe. Na durƙusa a bayansa, kusa har ina jin ƙanshin man da na shafa masa. Na kira sunansa a hankali. Bakina ya ji sunan baƙo. Na sake kira da ƙarfi, na sake, har ban damu da wanda zai ji ba.

Bai juyo ba.

Ubansa ne ya ji. Ya turo ƙofa da igiya a hannu, ya dube ni, ya dubi yaron. Ya tafa hannu a bayan kunnen yaron, ya sake tafawa, sannan ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

"Na fasa zuwa," ya ce can. "Da wane ido zan kalli yaran nan?"

"Za ka je," na ce. "In ba ka je ka koyo ba, wa zai koya mini?"

Ruwa ya sauko. Na ce ya nuna mini yadda ake cewa "zo". Ya nuna mini. Na zagaya gaban yaron, na jira ya ɗago kai, na yi yadda na gani. Ya dube ni da mamaki, don bai saba in kalle shi ido cikin ido haka ba. Sannan ya ajiye asuwakin ya taho, ya dafa zanen da ke jikina da hannunsa duk shuɗi.

Ranar Lahadi keke ya zo ya kwashi kwalayen, uban ya tafi. Har yau ina tuna cewa lokacin da kunnensa ke ji, bai taɓa jin sunansa a bakina ba.