Kunyar Ɗan Fari da Nawar Kwamfuta

Kwamfutata ta fara nawa ne a makon da aka dawo mana da sabis. An daɗe da yanke shi a Birnin Gwari saboda halin da dajin ke ciki, har waya ta koma mana tocila da agogo. Ranar da ya dawo, zumuɗi ya sa na haɗa kwamfutar da wayata don in tura sakamakon ɗalibai. Ashe ita ma a yunwace take. Duk wata sabuntawar da ta wuce ta a watannin nan sai da ta janyo ta haɗiye, ta lamushe datar da na saya, sannan ta rubuta mini wai kada in kashe ta. Na bi umarninta. Da ta gama ta farfaɗo, sai ta zama wata daban.

In na kunna ta, sai in ɗora tukunya, in wanke shinkafa, in dawo in tarar ɗan zoben nan yana ta juyawa. In na buga harafi, sai ya yi shawara da 'yan'uwansa kafin ya fito. Fankarta kuwa huci take kamar ta yi noma. Ni malamar firamare ce, da ita nake buga tambayoyin jarrabawa, kuma ba ni da haƙuri da abin da ba ya jin magana. Na zage ta, na rufe ta da ƙarfi, na buɗe na ba ta haƙuri. Ko a jikinta.

Tun rasuwar maigidana ni kaɗai ce a gidan. Autata tana karatu a Zariya, ni da kaina na hana ta yawan zuwa saboda hanya. Ita na fara kira.

"Umma, ni me na sani a kwamfuta?" ta ce. "Ki kira Yaya mana. Aikinsa ke nan a Kaduna."

Ta san sarai ba zan kira shi ba.

Shi ne ɗana na fari. Mahaifiyata Bafulatana ce, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa goya shi a gaban mutane ba. Ana yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa rugarsu da ke gefen dajin Kamuku, a can ya tashi cikin ƙannena, ya ji suna ce mini Adda, wato yaya da Fulatanci, shi ma ya kama. Har ya girma ya yi gemu, abin da ke tsakaninmu gaisuwa ce: ya durƙusa, in amsa ina kallon wani wuri, ya tashi. In yana da magana sai ta bi ta bakin ƙanwarsa. Haka na tarar ana yi, haka na yi, mutane suka yaba mini. Amma ina son yaron nan son da ban taɓa samun inda zan sauke shi ba, kuma a shekarun da gida ya zama ba kowa, muryarsa nake marmari fiye da ta kowa.

Kai kwamfutar Kaduna bai taso ba. Ba mai shiga dajin nan saboda na'ura. Maƙwabciyata, wata 'yar Gbagyi da ta baro ƙauyensu ta wajen Kazage ta kama ɗaki a jikin gidana, ta leƙo ta same ni ina hararar abar.

"Malama, ba ki ce yaronki ya san shi ba?"

"Ya sani."

"To ki buga masa. Ɗanki ne fa, ba surukinki ba. Ku da wannan kunya naku! Ni nawa in ya yi kwana biyu bai kira ba, zagi zai sha."

Na ce ta je ta ji da dakanta. Ta tafi tana dariya.

Autar ce ta kai rahoto. Washegari bayan la'asar wayata ta yi ƙara, na duba na ga shi ne. Sai da na gyara ɗankwali kafin na ɗauka, kamar yana ganina.

"Adda, ina wuni. An ce kwamfutar tana ba ki wahala."

"Haka aka ce."

"Tana kusa? Ki sa ni a sifika, ki kunna ta."

Na jingina wayar da kwanon sha, na sa kwamfutar a gaba. Wannan zama ya yi mini daɗi, domin idona yana kan na'ura. In wani ya shigo, ai da ita nake magana.

Ya ce in danna maɓallai uku a tare. Wani allo ya fito da jerin abubuwan da ke aiki a cikinta, ya ce in karanta masa lambar da ke ƙarƙashin rumbun ajiya. Na ce ɗari bisa ɗari. Ya ce shi ke nan, wani abu ne ya hau rumbun ya zauna, sai mun gano shi. Muka fara da kashe manhajojin da ke tashi tare da ita in an kunna. Ashe tarkace ne fal, har da na wata na'urar buga takarda da ta mutu tun maigidana yana raye. Ya ce in sake kunna ta mu gani.

Sake kunna ta kuwa aiki ne na mai haƙuri. Zoben ya kama juyi. Ina jin ƙarar motoci ta wajensa, yana jin kajina. Da jiran ya yi yawa ya ce, "Ana ruwa kuwa a nan?"

"Ana yi."

"Kin yi shuka?"

"Ɗan masara a bayan gida. Gonar nesa ba ta zuwuwa."

Iyakar hirar ranar ke nan, amma ta fi duk wadda muka taɓa yi tsawo. Kwamfutar ta tashi da nawarta yadda take. Ya ce gobe zai sake kira. Na kwana ina jin kamar an yi mini kyauta.

Haka muka ɗauko. Kullum bayan la'asar, in ya tashi daga aiki. Na koma kai kwamfutar makaranta da safe in cika mata caji da sola, kada rashin wuta ya katse mu. Wata rana muka share tarkacen da sabuntawar ta bari, tsofaffin fayiloli masu cin wuri. Wata rana muka nemi mayar da ita yadda take kafin sabuntawar, ta ce lokacin yin haka ya wuce. Wata rana ya sa ta binciki rumbunta ko ya samu rauni, binciken da ya kai mu har kiran magariba. Kowace dabara tana da jira, kuma a cikin jiran nan muke magana.

Ni dai ban iya ce masa "kai" kai tsaye ba. Da na ji yana tari sai na ce wa kwamfutar, "A rage shan ruwan sanyi. A nemi citta da zuma." Ya yi dariya ya ce, "To, za a nema." Na ji yadda yake dariya, irin ta mahaifinsa ce, mai fita ta hanci. Na san ba ya cin kuɓewa. Na san ɗakinsa yana yoyo ta kusurwar gabas. Uwa ce ni, ina tsintar labarin ɗana ɗaya bayan ɗaya kamar baƙuwa.

Ranar binciken rumbun nan ya tambaye ni ɗorawar da ke bakin rafi a rugar kakarsa, ko tana nan. Na ce wa ya sani, rugar ta tashi tun bayan rasuwarta, yanzu ko masu itace ba sa kaiwa can.

"A nan nake tsayawa in kin zo za ki koma," ya ce. "Ina bin ku a baya har ɗorawar, sai Inna ta kira ni. Na daɗe ina zaton ke yayata ce. Wani yaro ne ya faɗa mini a wajen kiwo, na kama shi da dambe."

Na san yana bin mu. Ina jin sawunsa a cikin ciyawa. Waiwaye ne ba a yi, ga ƙannena, ga matan ruga suna kallo. Na buɗe baki in faɗa masa haka, sai na mai da ido kan binciken da kwamfutar ke yi. Na ce, "Ta kai kashi saba'in da biyu."

"To, saura kaɗan," ya ce.

Maƙwabciyata ta lura. Ta ce, "Malama, wannan kwamfuta naki ba zai warke ba, na ga ciwon ya karɓe ki." Na ce Allah ya shirye ta. Gaskiya ta faɗa. Na daina zagin na'urar. Tambayoyin jarrabawa ma da hannu na rubuta su a allo, ban damu ba. Ban taɓa yi masa ƙarya a kan abin da na gani a fuskar kwamfutar ba, duk abin da ya ce in danna na danna. Amma duk sanda dabara ta ƙi ci, wani sanyi nake ji a raina.

Ran nan ya kira da ƙarfinsa. Ya ce ya yi tunani, in karanta masa sunayen duk manhajojin da ke cikinta, kada in tsallake ko ɗaya. Ina cikin karantawa ya ce in tsaya. Akwai wata tsohuwar manhajar kariya daga cutar kwamfuta da mai shagon da ya sayar mana ya saka, wa'adinta ya ƙare tuntuni. Sabuntawar kuma ta tayar da nata mai gadin.

"Masu gadi biyu ne a ƙofa ɗaya, Adda. Wannan ya binciki wancan, wancan ya binciki wannan, mai gida yana tsaye a waje. Ki cire tsohuwar."

Na cire. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ya ce in sake kunnawa. Na danna, na gyara zama, na janyo farantin gyaɗar da nake ɓarewa, don na san muna da lokaci.

"Adda," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "dama akwai abin da nake so in tambaye ki. Tun ina yaro yake raina."

Na ajiye gyaɗar. Na ce, "Ana ji."

Sai kwamfutar ta yi ɗan kiɗan nan nata na buɗewa. Ko bismilla ban gama ba, ga komai ya fito tsaf. Ya ji kiɗan ta waya.

"Kai! Har ta buɗe?"

"Ta buɗe."

"Duba lambar rumbun."

"Huɗu."

"Alhamdu lillahi! Buɗe takarda ki yi rubutu." Na buga, haruffa suna fita kafin in ɗaga yatsa. Yana ta murna, yana cewa ai tun farko ya kamata ya gane. Na jira ya koma kan tambayar. Ya ce, "Shi ke nan, kin huta. Ni ma na bar takura miki kullum." Na ce Allah ya yi albarka. Ya ce amin, a gaida maƙwabta.

Washegari bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a inda na saba. Na jingina wayar da kwanon sha. Kwamfutar tana gabana, lafiyarta ƙalau, ba abin da zan yi da ita. Inuwar katanga ta zo ta wuce ni. Rana ta biyu ma haka. Ban ga laifinsa ba. Ni na koya masa cewa ba a kirana sai da dalili, kuma yaro ne mai ladabi.

Na yi kwanaki ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Na yi tunanin in ce ta sake lalacewa, na ga da girmana. Wata Asabar da hantsi, ina tsaye a tsakar gida ba kowa, na runtse ido na danna lambarsa. Tun da aka ƙirƙiro waya ban taɓa kiransa da hannuna ba.

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Adda! Lafiya? Me ya faru? An shigo garin ne?"

"Ba a shigo ba."

"Wa ya rasu? Ki faɗa mini kawai."

"Ba wanda ya rasu."

"Kwamfutar ce?"

"Lafiyarta lau."

Na ji ya sauke numfashi, na ji kamar ya nemi wuri ya zauna. "Wallahi kin tsorata ni. To mene ne?"

Maganar tana bakina. In ce muryarka nake son ji. In ce wace tambaya ce. Na dubi ƙofar gida, na dubi kajin da ke tone a gindin masara.

"Ba komai," na ce. "Hannuna ne ya taɓa. A yi haƙuri."

"Haba, ba komai, Adda. Ki riƙa kulle wayar in za ki sa a jaka."

Na ce to, zan riƙa kullewa.